Bindigar Sarjan Barira da Man Gyaɗar Inna Hajo

Har gobe ban manta da Talatar da bindigar Sarjan Barira ta ƙi tashi a gaban jama'a ba. Lokacin ina da muƙamin ajidan a aikin tsaron daji a Madarounfa, kuma ni ke kula da ɗakin makamai. Ga waɗanda ba su san aikin ba, kowace bindiga tana da lamba, kuma lambar tana rubuce a gaban sunan mutum guda. Ba ka ara, ba ka musanya. In ta lalace, ni zan duba in ce a gyara ko a nemi sabuwa, kuma in sa hannu.

Bayan girbin gero ake yi mana jarrabawar harbi. A shekarar an zaɓi Barira ta je ta riƙe ƙaramin biro, wato ofis, namu na Gabi, wanda ke lura da daji da masu saran itace. Sharaɗi ɗaya ya rage mata, ta ci wannan jarrabawa da ƙaramar bindigarta, wadda muke cewa pistole.

Ta tsaya, ta auna, ta ja kunama. Sai muka ji ƙas. Ta sake, ƙas. Harsashi na uku ya tashi, na huɗu ya maƙale. Wasu daga cikin mazan suka fara murmushi, har wani ya ce a hankali wai bindiga ta san hannun mace. Barira ta cire harsasai kamar yadda aka koya mata, ta miƙo mini, amma na ga idonta ya kaɗa. Masu jarrabawa suka ce za su dawo bayan kwana tara.

Da hantsi shugabanmu, Kafitan Isufu, ya kira ni biro. Ya ce, "Ajidan, bindigar ga ta tsufa. Rubuta rapor, a nemi sabuwa."

Neman sabuwa a aikinmu ba zuwa kasuwa ba ne. Takarda za ta hau Maradi, daga can ta wuce sama, sannan a jira. Tana iya kai mu damina. Kafin nan Barira ba ta da bindiga, ba ta da jarrabawa, kuma Gabi ba za ta zauna babu shugaba ba, wani za a tura. Gyara kuma yana da nasa nauyi. In na sa hannu na ce ta gyaru, ta je ta ƙi tashi cikin daji ranar da ake bukatarta, ran mutum ne a wuyana.

Na ce, "Mon kafitan, ba ni kwana uku in ga cikinta. In ba ta gyaruwa, ni da kaina zan rubuta."

Ya ce, "Uku. Kuma kada tausayi ya sa maka hannu."

Na kwance ta a kan tebur, Barira na tsaye tana kallo. Abin da ya fara ba ni mamaki, babu tsatsa ko ɗigo, ƙarfen sumul. Amma can ciki wani abu ne mai danƙo, ja-ja, ya kama ko'ina kamar ƙaro. Na yi shekara da shekaru ina wannan aiki ban taɓa ganin irinsa ba. Barira ta lakato da tsinke ta kai hanci, ta sake shinshinawa.

Ta ce, "Shef, wanga ai man gyaɗa ne."

Na ce, "Man mi?"

Ta ce, "Innata ƙuli-ƙuli take yi. Ko cikin barci na san warin man da ya daɗe."

Na buɗe littafin makamai. Wanda ya riƙe bindigar kafin ita shi ne Baba Tanko, wani tsohon ma'aikacinmu da ya aje aiki bara ya koma gona a Safo. Danƙo dai ana wanke shi. Abin da nake tsoro shi ne wanda ido ba ya gani: ko ta taɓa faɗuwa daga kan babur, ko ta kwana cikin ruwa, ko an taɓa kai ta wurin maƙeri a ɓoye. In ɗaya daga ciki ya faru, magana ta ƙare, sai sabuwa. Littafi kuwa bai rubuta irin wannan. Sai na nemi izini, washegari muka hau babur ni da Barira muka nufi Safo.

Mun iske Baba Tanko a gindin rumbu yana jera dammunan gero. Ya rungume ni, matarsa Inna Hajo ta kawo mana fura. Bayan gaisuwa na gaya masa abin da ya kawo mu. Fuskarsa ta canza kamar an ce ɗansa ba shi da lafiya.

Ya ce, "Wallahi ba ta taɓa taɓa ƙasa ba. Ruwa kuwa, ni nake jiƙewa, ita tana cikin leda. Maƙeri bai taɓa ganin ta ba. Shekara ashirin da wani abu, kowace Juma'a in na yi wanka sai in shafa mata mai."

Na ce, "Wane mai, Baba?"

Ya ce, "Wanda kuke ba mu ai ruwa-ruwa ne, ba shi da albarka. Na gida nake sa mata, mai kyau."

Inna Hajo na bakin ƙofa da ƙwarya a hannu. Ta aje ta a hankali. Ta ce, "Malam, ashe kai ne? Shekara ashirin ina rantsuwa man gyaɗata na raguwa! Na zargi ɓera, na zargi jikoki, har na daina ga maciji da matar ƙanenka wata guda!"

Baba ya ce, "To ai aikin gwamnati ya ci, Hajo."

Dariya muka yi har Barira ta ƙware da fura. Maƙwabta suka leƙo ta kan darni suna tambayar mi ya faru, Inna Hajo ta maimaita musu labarin daga farko, aka sake fashewa.

Da za mu tafi, Baba ya raka mu bakin hanya. Ya ce wa Barira, "Ɗiyata, duk zamana ban taɓa nuna ta ga mutum ba. Mai saran itace in ka gaishe shi, ka tambayi iyali, rabin gatarinsa ya faɗi. Amma ki tabbata tana tashi." Sannan ya juyo gare ni. "Ajidan, kada ka jefar da ita."

Na ce masa ba zan yi alkawari ba, filin harbi ne zai yanke.

Na dawo na jiƙa ta cikin kananzir, na wanke kowane ƙarfe daban, na duba su ɗaya bayan ɗaya a hasken rana. Babu tsaga. Ƙaramin ƙarfe guda mai lanƙwasa ne ya saki, na aika aka karɓo mini sabo daga wurin gyaranmu na Maradi. A rana ta uku muka fita fili da kafitan. Na ce masa ni zan fara harbawa, kuma in harsashi ɗaya ya ƙi tashi, rapor na nan a aljihuna, sa hannu kawai ya rage. Na harba, na sake cikawa, na harba, har kunnena ya yi ɗum. Ko ɗaya bai ƙi ba. Kafitan ya karɓa ya gwada da kansa, sannan ya ce, "Yaga rapor ɗin."

Ranar jarrabawa Baba Tanko ya zo a keken jaki, da babbar riga, ya tsaya can nesa inda aka yarda farar hula su tsaya. Barira ta harba biyar, huɗu suka shiga tsakiya. Tsoho ya cire hula yana kaɗawa. Wanda ya yi maganar hannun mace shi ya fara zuwa ya sara mata, don makinta ya fi nasa. Sati na zagayowa ta kama aiki a Gabi.

Ku da kuke shigowa aikin yanzu, ga abin da na ɗauka. Na ga bindigogin da babu abin da ya dace da su sai a mayar, kuma na mayar da su ban ji komai ba. Amma kafin ka yanke wa kaya hukunci, nemi wanda ya riƙe shi ka zauna da shi, ko da a ƙauye yake. Tsofaffinmu sun yi kuskure, wani lokaci kuskure mai ban dariya, amma mafi yawansu son aikin ne ya kai su. In ka je musu da ladabi, za su gaya maka gaskiyar da babu ita a kowace takarda, kuma ba za ka taso da yunwa ba.