Da Wa Bulus Ya Yi Rikici?

Bana shekara tara ke nan da aka kashe abokina Bulus, kuma har yau in na ji kalmar "rikici" a rediyo, ji nake kamar in rotsa shi da ƙasa.

Malamin firamare ne a Tarauni, ɗan Filato, ni kuma mai gyaran adaidaita a Gyadi-Gyadi. Kiɗan rok ne ya haɗa mu. Shi da jitarsa mai lantarki, ni da ganguna, a bayan garejina. Maƙwabta suka laƙaba mana 'yan injin markaɗe, bai taɓa jin haushi ba. Cewa yake kukan ƙauye ba ya isowa birni sai an saka masa lasifika.

Waƙoƙinsa duk na garuruwan da aka share ne, nasu da na wasu, masu coci da masu masallaci. Kalma ɗaya ce ba ya haƙuri da ita. Wani mai shirin rediyo ya taɓa gabatar da shi da mawaƙin rikici. Bulus ya ce, "Malam, rikici na masu faɗa ne. Jaririn da aka sare a bayan uwarsa, da wa yake rikici? Sunan wannan kisan ƙare dangi." Aka katse shi, aka sako talla.

Ya tafi gida jana'izar kawunsa, aka tare masu makoki a hanyar makabarta. Washegari rediyo ya ce wasu sun rasa rayukansu a rikici. Wai rasawa, sai ka ce makullin ɗaki.

Da zai leƙo yau, me zai tarar? Gawarwaki a wayar kowa, ana kallo ana cin gyaɗa, kalmar "rikici" kuma tana nan daram.

Ni ban yafe ba. Mahaifiyarsa ta ce, "Ɗana, bar wa Allah." Na ce, "Mama, na bar masa, amma kullum sai na sake kai ƙara." Allah ya isa tsakanina da wanda ya harba, da wanda ya nuna hanya, da wanda ya wanke musu hannu da harshe. Ina roƙon kada barcinsu ya yi daɗi. Alhaki kwikwiyo ne, ya san gidan mai shi.

Kwanan baya 'yarsa Rahila, wadda ya bari ƙarama, ta zo gareji daga Daurawa, ta zama budurwa. Ta ce, "Kawu, da wa Baba ya yi faɗa?" Ashe duk shekarun nan ta ɗauka ubanta ɗan rigima ne. Sun kashe shi, sun kuma ɓata shi a idon 'yarsa.

Abin da ya rage na Bulus jita ce da kalma ɗaya. Na ɗauko jitar na miƙa mata, na faɗa mata kalmar: kisan ƙare dangi, ba rikici ba. Yanzu duk Asabar muna kiɗa a bayan gareji, maƙwabta sun soma ƙorafi. Ni kuwa cewa nake ta ƙara murya.