Farantan Sadakar Filofteia

Ortansa Păunescu ta ƙarar da ƙuruciyarta tana tuƙa taragon lantarki a titunan Craiova. Tana dab da hamsin, fansho ya fara leƙo ta, sai baiwar Allah ta ajiye aiki ta koma zana furanni a jikin farantan tangaran. Wai ta gano baiwarta. Uwarta Filofteia, wadda ke ƙauye ita da kajinta, ta ce madalla da aka gano ta da wuri haka, tun kafin haƙora su gama zubewa.

A faɗi gaskiya, hannun ya iya. Ta koya wurin wata tsohuwar ma'aikaciyar masana'antar tangaran, ta sayo tandar gasa tangaran da ta cinye rabin kicin ɗinta, daga baya har ta buɗe aji. Matan da suka yi ritaya ke cika shi, su zana fure ya fito kamar kabeji, su sha kofi, su ci naman waɗanda ba su zo ba.

Abu ɗaya ke cin ranta: ba wanda ya taɓa cin abinci a farantinta. Mutanenmu kuwa, ba su abu mai kyau ka ga ikon Allah. Sai su ɗaure shi a kabad ɗin gilashi na falo, kusa da kifin ado, a riƙa kaɗe masa ƙura in bikin Ista ya matso. Ita ko so take miya ta taɓa furenta, cokali ya kankare shi. Waɗanda ta ba uwarta ma ko darajar kabad ba su samu ba. Suna ƙarƙashin gado cikin tsohuwar jarida, tsohuwa na cin abincinta a kwanon ƙarfe mai lanƙwasasshen baki.

Ana nan sai Filofteia ta ce za ta yi sadakar mutuwarta tun tana numfashi, kamar yadda tsofaffin yankin ke yi in ba su yarda da 'ya'yansu ba. Duk abin da ka bayar a nan, shi za ka tarar a lahira: gado, katifa, bokiti, fitila, faranti. Ta ce 'yar da ta iya yar da fansho, yar da uwa ba zai yi mata wuya ba. Sannan ta ƙara, kamar mai aiken gishiri, cewa farantan sadakar kuwa, Ortansa ce za ta kawo su, tunda dai ba ta da aikin yi.

Ortansa ta ji haushi, ta kuma ji daɗin da ta kasa ɓoye wa kanta. Duk bazarar nan ba ta zana komai ba sai furannin tsakar gidan uwarta.

Ranar sadaka aka jera tebura ƙarƙashin rumfar inabi. Fada, limamin coci, ya yi addu'a. Mamaciyar, wato Filofteia, na zaune daram da baƙin ɗankwali, tana hararar duk wanda fuskarsa ba ta nuna alhini yadda ya kamata ba. Aka miƙa wa kowa farantinsa da naɗin kabeji da nama, da burodi da kyandir.

Gherghina, maƙwabciya, ita ta fara. Ta juye abincinta cikin wata roba da ta zo da ita, ta goge farantin da gefen siket, ta shiga naɗe shi cikin tawul. Kafin ka ce kwabo, rabin tebur na neman abin juyewa. Ortansa na tsaye da ludayi tana kallo. Aikin wata da watanni, ga shi zai tafi gidan yari tun bai ga cokali ba.

Sai sandar Filofteia ta sauka kan tebur.

"Gherghina, mayar da abincin nan inda kika same shi."

"Haba Filofteia, wannan ai na kabad ne. Zunubi ne a sa masa cokali."

"Abin da kika yi da shi a nan, shi zan tarar a can. So kike in zauna a lahira da yunwa ina leƙen farantina ta gilashi? Ci, ko ki ajiye min abina."

Wa zai so alhakin yunwar mamaciya, balle wadda ke kallonsa? Aka kwance tawul, aka mayar da abinci. Cokula suka hau kan ruwan zinaren da Ortansa ta sha wuyar shafawa, ƙi-ƙi-ƙi, ba tausayi. Tunda take ba ta taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba.

Tsohuwa ta ture kwanon ƙarfenta gefe, ta ce a zubo mata nata a ɗaya daga cikin farantan, ta ga abin da ke jiran ta tun yanzu. Ta ci a hankali, ta bi miyar da burodi har furen ya bayyana. Ta daɗe tana dubansa.

"Wannan na bakin rijiyata ne."

"Shi ne, Mama."

"Kin yi masa ƙarya, nawa bai kai haka kyau ba." Ta miƙo farantin ba tare da ta ɗago ido ba. "To, da shi zan ci har abada. Ƙaro min."