Malam Garzali, Wanda Aka Yi wa Ido Biyu a Kuɗin Ɗaya

"Umma, idon Baffa a buɗe yake, don me ba ya ganina?" Zaituna ce ta tambayi uwarta Uwani game da kakanta. Ga amsar.

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Garzali a shekarar 1909 a wani ƙauye na ƙasar Bebeji wanda yanzu yake ƙarƙashin ruwan madatsar Tiga. Mahaifinsa Malam Sabi'u manomi ne, mahaifiyarsa Kyauta kuwa mai saƙa. Ya sauke Alƙur'ani a Tudun Wada, ya auri Habiba a 1933, Allah ya azurta su da zuriya.

Ƙaura

A 1974, bayan ruwa ya cinye gonarsa, aka mayar da iyalinsa sabon matsuguni a Yako, inda ya koyi gyaran koma, wato ragar kamun kifi, da tsufansa, ya riƙa ci da gida da ita har yanar ido ta rufe masa idanu biyu a 1976.

Magani

Abin da ya rage na diyyar gona bai wuce aikin ido ɗaya a asibitin Kano ba, ga jinya, ga tabarau. A kasuwar Kafin Maiyaki kuwa wani baƙo mai ture yanar ido da tsinken ƙarfe ya yi alkawarin ido biyu a wannan kuɗin, a kuma gani nan take.

'Yarsa Uwani ta roƙi a je asibiti. Yayanta Bala ya ce, "Ke Uwani, lissafi ma sai an koya miki? Biyu da ɗaya wanne ya fi?"

Aka yi duka biyun rana guda. Malam Garzali ya ga haske, ya gane fuskar Habiba, ya yi hamdala. Kafin wata ya kama idanun suka kumbura, suka mutu. Baƙon kuma babu wanda ya san garinsu. Turai, ƙanwar Malam Garzali, wadda aka yi wa ido ɗaya a asibiti a shekarar, har yau ita ke zura wa kanta zare a allura.

Rasuwa

Ya rasu a damunar 1978 bai sake kama gyaran koma ba, aka binne shi a Yako. Ya bar Habiba da 'ya'ya uku: Bala, Uwani da Kulsumu.

Mai karatu, in yanar ido ta kama tsohonka, kada ka tambayi ido nawa za a taɓa. Tambayi nawa za su rage yana gani da su. Kuma kada ka taɓa miƙa duka biyun rana ɗaya.