Jan Ƙyalle a Sitiyari

Jama'a, yau saura kaɗan motata ta mutu da ni da Hajiyarmu a tsakiyar gada!

Da safe na kai motar juyen mai garejin Baba Drissa, bakanikena a unguwar Adjamé. Da na koma, ya tafi sallar azahar. Na ga makulli a jiki, na ɗauko Hajiya, muka nufi Treichville.

Muna hawa gada, inji ya fara: tak-tak-tak-tak! Ruwa a ƙasa, bas a bayanmu, ba wurin tsayawa. Hajiya sai salati take. Gumi ya wanke ni!

Da ƙyar muka sauka gadar, na kira Baba Drissa.

Ya ce, "Kara wayar a inji." Na kara.

Sai ihu: "Kashe! Kashe, ɗana! Pusuwar ɗin supap, ƙarafan nan na saman inji, su ne ke kuka, mai bai kai musu ba! Lita ɗaya na zuba aka kira sallah. Ba ka ga jan ƙyalle a sitiyari ba? Duk Adjamé an san ma'anarsa: kar a tayar!"

Na dubi hannuna. Wallahi tun daga gareji da shi nake share gumi.