Lalas a Cinyar Hagu

Ranar da na ɗauko sabuwar kwamfutata daga tasha, sau biyu ina tsayawa a hanya in buɗe jaka in duba ko tana nan. Jakar tamkar ba komai a ciki. Tsohuwar da na sha wahalarta shekara da shekaru kuwa dutsen niƙa ce, har kafaɗata ta dama ta karkace saboda ita, ga zafi ga ƙugi. Wannan da yatsu biyu nake ɗaga ta. Na shiga biro, wato ofishinmu, ina washe baki, na ɗora ta bisa tebur yadda duk mai wucewa zai gani, kuma wanda ya yi kamar bai gani ba na kira shi da kaina.

Amma abin da ya fi ruɗa ni shi ne fuskarta, wato gilashin da hoto ke fitowa. Aikina rigakafin dabbobi ne, ina yawo rugage da ƙauyukan bakin kogin Komadugu, ina ɗaukar hotuna da waya don rahoto. Hotunan da na saba gani dushi-dushi a tsohuwar, da na zuba su a sabuwar sai ga gashin girar saniya ɗaya bayan ɗaya, ga ƙuda zaune a gefen idonta, har kaska a bayan kunne. Na yini ina jawo hoto kusa ina mayarwa, shayina ya huce ban sha ba. Daɗi ya kama ni sosai, irin wanda sai mutum ya sami wanda zai nuna wa.

Shi ya sa ranar Asabar na nufi ƙauyenmu, gab da Gueskérou, wajen Kawu, yayan mahaifiyata. Kawu mutum ne da ba ya yarda da ido, hannu yake yarda da shi. Bandar kifi, buhun tattasai, rago, duk sai ya ɗaga ya ji nauyi kafin ya buɗe baki. Na same shi ƙarƙashin rumfa, ya rame, gemu ya yi buzu-buzu. Na san dalili. Tun farkon damina farar saniyarsa mai manyan ƙahoni ta ɓace, ranar da ruwa ya cika garke ya watse. Ita ce ta ƙarshe cikin zuriyar saniyar da kakarmu ta bar masa. Ba kasuwar da bai je cigiya ba, har ƙetaren kogi, shiru.

Na miƙa masa kwamfutar cike da alfahari. Ya karɓa, ya ɗaga ta sama, ya sauke, ya sake ɗagawa, sannan ya dube ni da tausayi.

"Ɗan nan, an cuce ka," in ji shi. "Murfi suka sayar maka, tukunyar tana wajensu. Wannan ordinatar ba komai ciki."

Raina ya ɓaci, domin ni mutum ne mai saurin hawa. Na ce, "Kawu, bari dai ka gani." Na buɗe, na fara nuna masa hotunan zagayen da muka yi wajejen Mainé-Soroa makon da ya wuce. Yana kallo yana hamma, har muka zo kan wani hoto da na ɗauki kaina a wata ruga, na cika rabin hoton da haƙorana, garke can nesa bayana. Ina jira ya yaba hular da na sa, sai ya gyara zama.

"Kawar da kanka."

"Kawu, hoto ne, ba na iya kawar da kaina."

"To matso mini da waccan, ta bayan kunnenka."

Na ja hoton kusa. Abin da ɗazu yake ɗan ɗigon fari ya girma ya zama saniya, ƙahoni suka fito, na ƙara ja, ga doro, ga cinya, kuma a cinyar ga lalas raɗau, wato tambarin da ake yi wa dabba da ƙarfe mai zafi. Ƙafar kaza da layi ɗaya a ƙasa, alamar gidanmu. Na yi tsalle har na buge kai da itacen rumfa. "Ita ce! Kawu, wallahi ita ce!" Matarsa ta fito daga madafa da muciya a hannu tana tambayar me ya faru.

Shi kuwa Kawu bai motsa ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya koma ya jingina da ginshiƙi.

"Ba tawa ba ce."

"Kamar yaya ba taka ba ce? Ga lalas ɗin nan!"

"A cinyar dama yake," in ji shi a hankali. "Gidanmu hagu muke yi. Masu yin ƙafar kaza a dama wani gida ne daban, can arewa. Ni da hannuna na yi mata, shekarar da uwata ta rasu. Hagu ne."

Na duba da kyau, kuma gaskiyarsa, a dama yake. Na shiga magiya, na ce mu je dai mu gani da ido, ya ƙi. Ya ce tsoho irinsa ba zai shiga rugar mutane ya nuna saniyar wani ya ce tasa ce ba, gara ta tafi har abada da ya jawo wa gidansu wannan kunya. Na fusata, na ce masa taurin kai ne kawai, kalmar da ban taɓa faɗa masa ba kuma har yau ina jin nauyinta. Zuciyata ta karye, na ji haushin kwamfutar ma, tunda ta nuna masa abin da ya fama masa ciwo a banza.

Na kai hannu zan rufe, hoton ya koma yadda yake da fuskata a gaba. Sai Kawu ya riƙe mini hannu. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton. Ya sa babban yatsa ya taɓa tabon da ke girata, wanda uwar wannan saniyar ta yi mini da ƙaho ina ƙarami.

"Wannan tabo naka, yaushe ya yi ƙaura?"

Ban gane ba. Ya kama haɓata ya jera fuskata da kwamfutar ya kira matarsa ta zama shaida. A fuskata tabon yana gefe guda, a hoton yana ɗaya gefen. Nan take na tuna: in mutum ya ɗauki kansa da wayata, juya hoton take kamar madubi, dama ta koma hagu. Ni mai takardar makaranta ban lura ba, sai tsohon da bai taɓa riƙe waya mai hoto ba.

"Ashe abin naka bahago ne!" Kawu ya faɗa da ƙarfi, ya fashe da dariyar da rabon a ji ta tun kafin damina. Matarsa ta rangaɗa guɗa, ni kuma na rasa abin yi sai zagaye rumfa nake da kwamfuta a ka.

Kashegari muka kama motar kasuwa zuwa rugar da na ɗauki hoton. Mai rugar, wani dattijon Bafulatani, ya tarbe mu da nono. Bayan doguwar gaisuwa Kawu ya faɗi abin da ya kawo shi, bai nuna ko wace saniya ba, kamar yadda ake yi. Dattijon ya ce, "Faɗi alamarta, Baba." Kawu ya ce ƙafar kaza da layi, cinyar hagu. Dattijon ya yi murmushi ya ce ta biyo garkensa tun damina, yana ta jiran mai ita, kuma ta haihu, mace.

Kawu ya miƙe ya yi wani kira da na sani tun ina yaro, irin na kakarmu. Daga tsakiyar garke farar ta ɗaga kai, ta ratso sauran tana tafe, 'yar maraƙa na binta. Ya ɗora tafinsa bisa lalas ɗin ya tsaya haka, ya juya mana baya. Na ga kafaɗunsa na motsi, ni ma hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba.

Aka shirya wanda zai koro su gida a ƙafa, mu muka koma mota. Zan rataya jakata sai Kawu ya karɓe, ya ɗora bisa cinyarsa ya rungume da hannu biyu. Da muka faɗa wani rami motar ta yi tsalle, ya buga wa direba tsawa.

"Kai, tafi sannu! Akwai saniyar uwata a cikin nan."