Ranar da Baba Mai Aski Ya Tsallaka Titi

Duk layin nan babu wanda bai san Baba Mai Aski ba, kuma da wuya ka sami wanda bai taɓa shan faɗansa ba. Shagonsa ɗan ƙarami ne: kujera mai juyawa wadda ta daɗe da daina juyawa, madubi mai tsaguwa a gefe, sai benci inda tsofaffi ke zama ana taɓa hira. A nan ya tashi, a nan furfura ta same shi. In matarsa ta ce ya ɗan fita ya ga gari, sai ya ce, "In je ina? Ai duniya ce ke zuwa ta sunkuyar min da kai."

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai, shagon da ke tsallaken titi. Na Dogo ne, wanda Baba ya koya wa riƙon aska. Da Dogo ya yi aure ya ce zai buɗe nasa, Baba ya sa masa albarka, a zatonsa wata unguwa zai nufa. Ashe a ƙarƙashin hancinsa zai kafa. Tun daga ranar Baba ya ɗauke masa wuta. Dogo ya gaishe shi daga nesa, shi kuma ya sunkuya yana wasa aska kamar bai ji ba. Har 'ya'yan Dogo suka shiga makaranta ba a sauya zani ba. Zuciyar tsoho ke nan, Allah ya kyauta.

Ana nan sai hannun Baba ya fara rawa. Da fari ruwa ne ke zuba daga kofi, sai ya ce kofin ne ya cika. Matarsa dai ba ta ruɗu ba.

"Malam, wata rana za ka yanka ɗan mutane," in ji ta. "Ka riƙa tura wa Dogo masu gyaran fuska mana."

"Ina raye?" ya ce, ya ja hularsa ya fita.

Gaskiyar magana tsoro yake ji. In ya ajiye aska, bai san kuma ko shi wane ne ba.

Wata safiya mai gyaran agogo, abokinsa tun na ƙuruciya, ya zo ya zauna. Baba ya ɗaura masa ƙyalle, ya shafa kumfa, ya aske kunci ɗaya lafiya lau. Da ya gangaro maƙogwaro sai hannun ya ƙwace masa. Askar ta tsaya daidai inda jijiya ke harbawa, tana karkarwa. Shi kuwa mai agogo idonsa a rufe, wuya a miƙe, yana ta ba da labarin rowar surukinsa, bai san wainar da ake toyawa ba. Wannan yardar ce ta karya wa Baba zuciya.

"Tashi," ya ce.

"Har an gama?"

"Tashi dai, biyo ni."

Haka suka fito, Baba a gaba da aska a naɗe, mai agogo a baya da ƙyalle a wuya, rabin fuska fari fat da kumfa, yana mita. Masu babura suna ta danna musu ham, masu shaguna suka leƙo. Titin ba wani faɗi gare shi ba, amma kafin su kai bakin kwata gumi ya jiƙa wa Baba riga.

Dogo na ganinsu ya miƙe zumbur. "Baba, lafiya?"

Baba ya miƙa masa askar. "Ƙarasa masa. Hannuna ya ƙi."

A gaban kowa ya faɗa, bai rage murya ba. Dogo ya rusuna. Ya karɓa da hannu biyu, ya zaunar da mai agogo, ya kama aiki. Baba ya tsaya a bayansa, hannaye a aljihu don kada a ga rawarsu.

"Ja fatar mana. Haka na koya maka?"

"To, Baba," in ji Dogo, idonsa ya ciko da ƙwalla.

Da aka gama, mai agogo ya shafa haɓa ya ce ashe yaron ya iya. Baba ya harare shi. Ya ɗan tsaya yana kallon kujerar da ta zama babu kowa, sannan ya cire hularsa ya zauna. Tun da ya mallaki hankalinsa shi ke yi wa kansa aski, amma ranar ya sunkuyar da kai ya rufe ido.

"A hankali dai, ɗana," ya ce. "Kan nan bai saba da hannun kowa ba."