Makaɗin da Yake Jiran Tsofaffi

Shekara arba'in Baba Kafinta ya yi yana kaɗa piyano a coci, amma bai taɓa bin littafin waƙoƙi sau da ƙafa ba. Yakan sauko da sautin ƙasa saboda tsofaffin matan bencin gaba, kuma a ƙarshen kowane baiti yakan dakata har su ja numfashi.

Da sanyin ƙashi ya kama yatsunsa, Fasto ya sayo na'ura mai kaɗa waƙoƙin da kanta.

"Baba, ka huta haka nan," in ji shi.

Ya koma bencin baya, hutun kuwa ya yi masa daɗi. Sai dai na'urar ba ta jiran kowa. Mako uku tsofaffin suna bin ta da haki, har suka koma motsa leɓe kawai.

Bayan sujada yayarsa, ɗaya daga cikin tsofaffin, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Kai Auta, yabon Ubangiji muka zo yi ko tsere?"

Da Lahadi ta zagayo, ya daɗe yana gasa yatsunsa da ruwan ɗumi, sannan ya lalubo mabuɗin piyanon ya fita a hankali.